Butoci Huɗu na Malam Sharhabilu

A Talata Mafara akwai wata makarantar sakandare, ba zan kama sunanta ba don mutanen duk suna nan da ransu. A makarantar akwai Malam Sharhabilu, malamin noma. To, noman ma dai ga shi nan. Shekara bakwai yana kula da gonar makaranta, albasar da ta fi yi masa girma ba ta wuce goro ba, a ƙasar da ruwan madatsar Bakolori ke fitar da albasa ta cika tafin hannu. Amma baki? Tabɗi! In ya fara zuba a ɗakin malamai, sai ka rantse shi ya gina madatsar da hannunsa.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: makullin ɗakin gwaje-gwaje. An mayar da malamin kemistiri Maradun, ya bar ɗaki mai fanka biyu da kujera mai juyawa, ya kuma bar makullin a aljihun shugaban makaranta, Malam Labaran. Mutum biyu suka nuna suna so. Akwai Malama Hindatu, wadda kemistirin ta karanta. Akwai kuma Malam Sharhabilu, wanda ya gaji da rana da ƙaiƙayin gona, ya ce shi kemistiri a jininsa yake, tunda taki ma sinadari ne.

Malam Labaran mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa, sai ya ture maganar daga kansa. Ya ce ran Laraba sufeto zai zo daga Gusau, zai fara da Bakura, ya biyo nan, ya ƙare a Maradun. Kowa ya koyar da 'yan aji biyar a gabansa, wanda sufeto ya zaɓa shi ne da makulli. Darasin kuwa shi ne haɗarin kayan wanki da goge-goge na cikin gida.

"Wanga kuma darasi ne?" in ji Malam Sharhabilu, yana karkaɗa ƙafa. "Ni da nika wasa da maganin ƙwari, sabulu za a gwada ni da shi? Malama, ke mi kinka shirya?"

Malama Hindatu ta ce ita kwalaben banza ta tara, waɗanda takardunsu ke jiki, yara su koyi karanta gargaɗin da aka rubuta.

"Kwalaben banza! Ki ji fa. Gani ya kori ji, Malama. Ni kayan zan kawo da ransu, yara su gani, su shinshina, su ji tsoro. Sufeto da kanshi sai ya nemi in ba shi lambata."

"Allah ya ba da sa'a, Malam. Amma duk abin da ka zuba, ka manna mishi suna."

Ya nuna goshinsa da ɗan yatsa. "Ga takarda nan. Manna suna na masu mantuwa ne."

Ran Litinin ya fara gwaji a gida. Ya sami soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, ya jawo tukunyar alminiyom ta matarsa Lantana, ya zuba, ya ƙara ruwa. Ya kira Lantana da maƙwabta biyu da suka shigo aron turmi, ya ce su tsaya su sha ilimi kyauta. Tukunya ta fara tsuwa, ta ɗau zafi ba wuta, tana fitar da wani tururi mai shaƙe maƙogwaro. Mata suka ja baya suna salati.

"Kun gani? Ilimi ke nan. Ku bar ta ta huce."

Ya tafi la'asar. Kafin ya dawo gindin tukunya ya koma rariya, ruwan ya tsiyaye ya ci gefen tabarma. Lantana tana tsaye a tsakar gida, ta ɗaga tukunyar sama tana hango shi ta cikin hujin.

"Malam, wagga tukunya tun ta aurena ta. Shekara goma tana dahuwa ba ta yi ƙorafi ba, kai ka gama da ita tsakanin azahar da la'asar."

"Lantana, ba a samun ilimi sai da sadaukarwa."

"Awo. To ka sadaukar da hularka. Wallahi ka sake taɓa min ko murfin kwano, tuwon ilimi za ka ci."

Ta kwashe sauran sodar ta ba maƙwabciya ta fita da ita. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, har mai shayin bakin titi yana tambayarsa ko gaskiya ne ya dafa tukunya ta nuna.

Washegari Talata, ranar kasuwa. Malam ya hau babur ya nufi rumfar Adda, wata dattijuwa mai sayar da kayan wanki a manyan jarkoki. Ya ce a auna masa sabulun ruwa, da bilic mai cire tabo a farin kaya, da aizal ɗin nan mai warin asibiti, sai kuma shuɗin garin bula da ake sa wa fararen kaya su yi haske. Adda ta jawo robobin lemo da aka shanye, za ta ɗura masa kamar yadda take ɗura wa kowa.

"Tsaya! Tsaya, Adda! Inna lillahi! Robar lemo?"

Ya juya ya fuskanci kasuwa, ya ɗaga murya har mai rake ya bar fiƙa. Ya ce wannan shi ne babban jahilcin da ke kai yara asibiti. Yaro ya ga robar lemo, ya ɗauka zoɓo ne ko kunun aya, ya kafa kai. Kuma gaskiya ya faɗa, Allah ya sani, don a littafin Malama Hindatu ya leƙo ta da safe. Mutane suka taru suna gyaɗa kai, shi kuwa sai ƙara kumbura yake.

Adda ta bari ya gama, ta rufe jarkarta.

"To Malam mai ilimi, ni ba ni da wani mazubi. Tara aljihunka in zuba maka."

Aka kwashe da dariya. Malam ya tsaya turus. Robar lemo ya riga ya tsine mata a gaban jama'a, kwanukan gida kuma Lantana ta kafa doka. Can sai idonsa ya yi haske. Ya ce a jira shi, ya tayar da babur.

A gindin darbejiyar da ke gefen masallacin makaranta akwai butoci bakwai na roba, duk iri ɗaya, masu zanen kore da fari. Baba Manu masinja ne ke kula da su, ya cika su da safe, ya ƙirga su da yamma, ya fi sanin su fiye da jikokinsa. Malam ya tarar ba kowa, ya sunkuci huɗu, ya zazzage ruwansu, ya koma kasuwa.

"Buta?" in ji Adda. "Butar alwala?"

"Wa kika taɓa gani yana shan lemo a buta? Ga baki na tsiyayawa, ga murfi, ga mariƙi. Turawa ma da sun san buta da ba su ƙera kwalaben gwaji ba."

"Ni dai nawa sayarwa."

Ta ɗura masa uku. Ta huɗu ya dama bula a ciki, ya dama ta da kauri, wai don 'yan bayan aji su gani da kyau. Ya kai su ɗakin ajiye fartanyu ya kulle. A ranar Baba Manu har bayan ɗakunan kewaye ya duba, yana ta Allah ya isa ga ɓarawon da bai ji kunyar Allah ba ya saci buta.

Laraba ta zo. Malam Sharhabilu ya ci ado da babbar rigarsa ta sallah, shadda baƙin kore, ta sha bugu tana ƙyalli. An ce sufeto zai iso ƙarfe goma sha ɗaya. Sha ɗaya ta yi, shiru. Sha biyu ta wuce, aka ce har yanzu yana Bakura. Malam ya kasa zama, ya ce bari ya ɗan wasa yaran kafin baƙo ya zo. Ya jera butocinsa a kan tebur, ya gyara hannun riga.

"Doka ta farko! Kada a juye kayan wanki cikin mazubin da mutane ke amfani da shi. Ku maimaita!"

Aji ya maimaita. Wata yarinya a layin gaba, Salma, mai ido a tsaye, ta ɗaga hannu.

"Malam, to buta fa?"

"Buta ba ta sha ba ce."

Khalifa daga baya ya ce, "Amma Malam, ai ana kurkure baki da ita."

"Kai Khalifa, da ka iya kurkure baki da ba ka faɗi wagga magana ba. Zauna! Doka ta biyu, kada a haɗa wani da wani, musamman bilic, don shina tada iskar da ka kada mutum. Doka ta uku, kada a yi aiki da su a rufaffen ɗaki."

"Malam, tagoginmu biyu ba su buɗuwa," in ji Salma. "Kuma wallahi warin ya fara hawa min kai."

Nan da nan atishawa ta kama layin gaba, ta bi aji kamar an watsa barkono a wuta. Malam ya ga in sufeto ya shigo ya tarar da haka, an gama da shi. Ya kwashi butocin bibbiyu ya fitar da su baranda, ya jera su a inuwa su sha iska.

"Malam, wacce ce ta bilic a ciki?" Salma ta tambaya ta taga.

"Ta biyu daga dama. Ko daga hagu. Ke ina ruwanki? Ni na san abina."

Bai rufe baki ba sai ga ƙahon mota a bakin ƙofa. Ya tattare riga ya ruga, don ya rantse hannunsa ne zai fara shiga hannun sufeto kafin na kowa.

Sufeton, Alhaji Abdulhamid, dattijo ne mai farin gemu har ƙirji da tabarau mai kauri. Malam ya kama hannunsa da hannu biyu. Ina wuni, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen Gusau, ya aka baro na Bakura, ya zafi, ya iyali, ya ƙoƙari. In gaisuwa ta zo ƙarewa sai ya sake ɗauko ta daga farko. Malam Labaran da Alhaji Malami, shugaban iyayen yara, suna tsaye suna jiran a sakar musu baƙo.

A daidai wannan lokaci Baba Manu ya biyo ta baranda, ransa a ɓace, yana tunanin yadda zai tari manyan baƙi da buta uku. Sai ya yi kiciɓis da huɗunsa a jere, a inuwa, kuma a cike.

"Allahu akbar! Ɓarawo ya tuba, har da ɗebo ruwa!"

Ya kwashe su ya kai gindin darbejiya, ya haɗa da ukun, bakwai cif.

Aka kira azahar. Sufeto ya ce a fara da salla, darasi ya biyo baya. Malam Sharhabilu ya ce su yi gaba, zai leƙa kayan aikinsa ya zo. Ya isa baranda. Wayam. Ya duba aji, ya duba bayan ƙofa, har ƙarƙashin tebur ya leƙa.

"Ina butocina?"

Aji duka ya nuna darbejiya.

Wayyo! Wanda bai ga gudun Malam Sharhabilu a ranar ba bai ga gudu ba. Babbar riga ta cika da iska, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, shi ya yi gaba. Amma kafin ya isa, aikin gama ya gama.

Alhaji Abdulhamid ya cire tabarau ya sa a aljihu, kuma in ya cire tabarau ko raƙumi ba ya gani sai ya yi kuka. Ya tsuguna a tsanake, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya ce a ransa ruwan Mafara akwai ɗanɗanon ƙasa. Ya wanke fuska sau uku, ya tsefe gemu da yatsu yadda ya kamata. Da ya ɗago, fuska shuɗiya, leɓe shuɗi, gemun nan fari ya koma kamar an tsamo shi daga marina.

Malam Labaran yana gefensa, ya ɗago zai yi magana, sai kumfa ta riga maganar fitowa. Shi butar sabulu ya samu. Ya tofar, ya sake tofarwa, wani ƙwan kumfa ya tashi daga bakinsa ya bi iska.

Alhaji Malami kuwa ya tsiyaya a tafin hannu ya ga ruwa fari kamar nono, ya kai hanci.

"Kai! Manu, rijiyarku asibiti ta biya kafin ta zo nan?"

"Kowa ya aje buta!" Muryar Malama Hindatu ce daga baranda, ta taho da sauri da bokitin ruwa mai kyau, 'yan aji biyar na biye da ita. "Kada wanda ya ƙara taɓa ruwan nan! Malam Labaran, kurkure da wanga, kada ka haɗiye. Malam Sharhabilu, guda nawa ka zuba?"

Malam yana durƙushe a ƙasa yana bin sauran butocin da hanci ɗaya bayan ɗaya. Ya dace da ta bilic, Allah ya taimaka ba wanda ya kai gare ta. Wuf ya cusa ta cikin babbar riga, ya rungume ta a ciki, ya miƙe.

"Uku ne, Malama. Uku kacal. Kuma duk marasa haɗari."

"Huɗu anka sace min!" in ji Baba Manu. "Ashe kai ne! Kwana biyu ina Allah ya isa, ashe tana nan kusa tana jiranka!"

Sufeto ya lalubo tabarau ya saka. Ya ga tafin hannunsa. Ya ga mutane sun kasa haɗa ido da shi, yara sun toshe baki da hijabi da hula, kafaɗu sai rawa suke. Direbansa ya kawo masa waya ya duba fuskarsa a ciki. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga wane ne?" ya tambaya a hankali.

Shi ke nan, dariyar da ake dannewa ta ɓalle. Khalifa har da faɗuwa ƙasa. Alhaji Malami yana share hawaye yana cewa, "An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. To ni yau ba ni shafa ruwan kowa a makarantag ga!"

Wani ne da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Malam Sharhabilu kuwa sai ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, darasin ke nan! Da gangan na shirya. Na ce yara su gani da idonsu abin da ka faruwa in an juye kayan wanki a mazubin jama'a. Yara, kun gani ko ba ku gani ba?"

"Mun gani, Malam!"

"Da gemuna ka shirya darasi?" in ji sufeto.

"Ai fari ya fi nuna launi, ranka ya daɗe."

"Malam," in ji Salma, "rigarka."

Kowa ya duba. Tun da ya rungume butar a karkace, bakinta ke tsiyaya a ciki. Daga ƙirji zuwa gwiwa baƙin koren nan ya fara komawa ruwan ƙasa, ruwan ƙasa na komawa fari, tabo na bin tabo, mutane na kallo yana yaɗuwa. Malama Hindatu ta ce ya cire rigar maza kafin bilic ya ci masa fata. Ya ce babu komai, adon shaddar ne haka. Ta ce to adon yana ɗiga a ƙafarsa. Dole ya tuɓe babbar riga a gaban ɗalibai, ya tsaya daga shi sai 'yar ciki da takalmi ɗaya, ga buta ta huɗu a hannu. Malama ta sa ya wanke ciki da ƙafa da ruwan bokiti.

Aka kawo wa sufeto sabulu ya wanke fuska. Fata ta ɗan washe, amma gemu ya riƙe abinsa gam, sai ma ya yi wani haske. Ga shi ana jiransa a Maradun kafin la'asar, malamai da iyayen yara sun taru. Ya dubi Malam Sharhabilu ta saman tabarau.

"To, gwanin kayan wanki. Kai ka shafa min. Mi ka fidda shi?"

Nan fa fuskar Malam ta washe. Ga dama ta dawo, makulli bai kuɓuce ba tukuna! Ya matso da sauri, ya ɗaga butar da ke hannunsa, ya nuna rigarsa da ke yashe a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka. Ka ga yadda ta yi wa shadda? Ɗan kaɗan zan tsiyaya maka a gemun, minti biyu..."

"A'A!"

'Yan aji biyar ne gaba ɗaya, murya ɗaya, har tsuntsayen darbejiya suka tashi. Baba Manu ya yi tsalle ya fizge butar. Sufeto ya ja baya ya kare gemunsa da hannu biyu.

Da ƙura ta lafa, ya juya wajen Malama Hindatu ya yi mata tambayar. Ta ce sabulu da ruwa da haƙuri, zuwa jibi zai fita. Ya tambayi yaran wa ya koya musu cewa bilic ba ya taɓa jiki. Suka ce Malama ce, tun makon jiya.

"Malam Labaran, kawo makullin nan."

Malam Labaran ya zaro shi daga aljihu, yana ɗan tari mai ƙamshin lemon tsami. Sufeto ya karɓa. Malam Sharhabilu ya miƙa hannu, don har ga Allah ya ɗauka shi za a ba. Makulli ya wuce ta gaban hancinsa ya sauka a tafin Malama Hindatu.

"Ranka ya daɗe, ai ba ta ma yi nata darasin ba!"

"Ta yi. Ɗalibanta sun ceci gemuna daga hannunka."

Baba Manu ya ɗebo sabon ruwa a bokiti aka sake alwala, aka yi salla, Malam Sharhabilu a sahun baya da ƙafa a jiƙe. Da aka idar, sufeto ya ciro rawani daga mota ya naɗe gemunsa har hanci, ya shiga ya zauna. Mota ta fara tafiya sai ta tsaya, gilashi ya sauka, sufeto ya yafito Malam Labaran.

"Mutumin nan, mi yake koyarwa da ma?"

"Noma, ranka ya daɗe."

"Akwai maganin ƙwari a hannunshi?"

"Akwai, ɗaki guda."

"Karɓe wannan makullin ma."